Muryar 'Yarsa a Lasifika

An samu dattijon da ransa gab da magariba ranar Talata, kwance ƙarƙashin wani injin saƙa da aka lulluɓe da tamfol, a tsohuwar masaƙar da ke bayan tashar jirgin ƙasa. Tun bayan azahar ake nemansa. Duk tsawon lokacin yana jin masu kiransa, su ma suna jin numfashinsa, amma bai amsa ba.

Shekarunsa sun haura saba'in. Tsohon ɗan wasan kwaikwayo ne na rediyo, yana da ciwon suga, kuma daga bara mantuwa ta fara taɓa shi. Fim ake ɗauka a masaƙar, irin wanda ke hasashen yadda duniya za ta koma nan gaba, shi kuma yana fitowa a matsayin tsohon da ya rage a birnin da ke tuna yadda ake magana a da. 'Yarsa ce ta kawo shi aikin. Ita ce ta tsara harshen da mutanen birnin ke yi, shi ya sa ma'aikatan fim ɗin ke ce mata Ƙamus.

A kan harshen ne suka fara saɓawa da Darakta. Shi yana son kalmomi baƙi masu kaushi, irin waɗanda ake ji a finafinan ƙetare, mutane sanye da baƙin ƙarfe suna gurnani. Ita ta ce a'a.

"Mai mulkin da ya san abin da yake yi ba ya ƙara wa mutane kalma," in ji ta. "Rage musu yake yi."

Sai ta ɗauki maganar yau da kullum ta yi mata aski. A birnin fim ɗin babu gaisuwa, idan biyu suka haɗu ɗaya ya ce "Aiki," ɗayan ya ce "Aiki." Babu na gode, sai "An shigar." Mai jin yunwa cewa yake yi "Caji ya sauka." Babu uba, babu uwa, babu yaya ko ƙane ko gwaggo, kowa lamba ne. Kullum da safe muryar Hukuma tana kiran lambobi ta lasifika, wanda aka kira ya buga ƙarfen gadonsa har sai an ce ya isa. Mafarautan Hukuma kuwa yawo suke yi a tituna da lasifika suna kiran "Baba," suna kiran "Inna," da muryoyin 'ya'ya. Duk wanda ya waiwayo sun gane bai manta ba, sai a tafi da shi.

Ma'aikata sun mayar da abin wasa. Rana na yin tsaka mai kyamara zai dafe ciki ya ce, "Darakta, caji fa ya sauka, ko Hukuma ta manta da talakawanta?" Darakta bai hana ba. Ya ma kafa doka cewa a cikin masaƙar ba wanda zai ce wa dattijon Baba. Sittin da Huɗu ne sunansa, wanda bakinsa ya suɓuce shi ke share ɗakin kwalliya.

Muryar da ke kiran "Baba" a lasifikar mafarauta ta Ƙamus ce. An gwada 'yan mata da dama, dattijon bai ko ƙifta ido ba, Darakta ya ce fuskar ba ta nuna komai. Da aka ɗauki muryar 'yarsa aka kunna, sai ya juyo nan take ya ce, "Na'am, Uwata," don haka yake kiranta tun tana goye. Aka yi dariya, aka sake. Ya sake juyowa. A rana ta uku ba wanda ya yi dariya, Darakta ya tsaya gabansa a gaban kowa.

"Ko muryarta ka ji, ko tawa ka ji, kada ka motsa. Duk dabara ce. Ka gane?"

"Na gane, ranka ya daɗe," in ji dattijon. "Tun ba a haife ka ba nake wannan sana'a."

Kafin mako na biyu ya daina juyowa. Wuyansa kan yi tauri, jijiyar gefen kansa ta tashi, amma ba ya juyowa. Darakta ya ce wannan ce fuskar da yake nema.

Ranar Talata aka zo fitowar da mafarauta ke bincike a masaƙar. Darakta yana da wata al'ada ta aiki: ba ya son mai nema ya san inda abin nemansa yake. Ya ce dattijon ya shiga shi kaɗai ya zaɓi maɓoyarsa, kada ya gaya wa kowa. Mai ɗaukar sauti, wanda ake kira Kunne, ya maƙala masa ƙaramin makirfo a ƙirji ƙarƙashin riga. Ƙamus ta riga ta yi masa allurarsa ta suga, abincinsa na cikin kula, za a ci da zarar an gama wannan ɗaukar.

Ana tsakiyar ɗauka janareta ya mutu. Zauren ba shi da taga sai 'yan ƙanana can kusa da rufi. Aka yi ta karo da juna a duhu, wani ya ture fitila, Darakta ya fita yana faɗa da mai janareta. Ba wanda ya ce "kot," kalmar da darakta ke faɗa idan an tsayar da ɗauka. Da wuta ta dawo mutane sun riga sun zauna cin abinci a inuwar bango. Ƙamus ta zagaya da kula a hannu, ta duba ɗakin kwalliya, ta duba bayan gida, ta duba cikin mota.

"Wa ya ga Baba?"

"Tsintsiya na jiranki," in ji mai kyamara da loma a baki. Ya ga fuskarta, ya ajiye cokali.

Masaƙar zaure huɗu ce a jere, kowanne cike da injuna a lulluɓe, ga ɗakunan ajiya, ga ramukan rini da ruwan sama ya taru a ciki. Suka rarrabu suna kira. Rufin kwano yana mayar musu da muryoyinsu ta ko'ina. Kunne ne bai bi su ba. Ya koma kan na'urarsa, ya sa abin saurare a kunne, ya ɗaga hannu.

"Ƙamus, zo ki ji."

Ta sa. Da farko ƙarar yadi ce kawai, riga na gogar makirfo. Sai numfashi, a hankali, irin na mutumin da ke ƙoƙarin kada a ji shi.

"Yana ina?"

"Na'urar ba ta faɗin wuri. Tana cewa dai yana cikin ginin nan, kuma yana numfashi."

Ta ɗaga murya ba tare da ta cire abin sauraren ba. "Baba! Ni ce. An gama, ka fito ka ci abinci."

Ta ji muryarta sau biyu, ɗaya daga bakinta, ɗaya ƙarama daga ƙirjin mahaifinta. Numfashin ya tsaya cak. Ya daɗe a tsaye kafin ya dawo.

"Yana jin ki," in ji Kunne. "Riƙe numfashi yake yi."

Darakta ya zo da lasifikar mafarauta a hannu, gumi na bin wuyansa. Ya ce ai abu ne mai sauƙi, tsohon ɗan wasa ne, ba ya fita daga wasa sai an sallame shi. Ya hau kan wani akwati. "Kot! Sittin da Huɗu, kot! Baba, ni ne Darakta, an tsaya, ka fito."

Su uku suka jira. Kunne ya ƙara sauti ya buɗe ƙaramar sifika don kowa ya ji. Muryar dattijon ta fito ƙasa ƙasa, ba da kowa yake ba.

"Dabara ce."

Darakta ya sauko daga kan akwatin. Bai kalli Ƙamus ba.

Ta kira yayanta a waya. Makaniki ne, garejinsa ba nisa. Tun farko bai so a sa mahaifinsu a fim ɗin ba, don shi ya tsince shi wata rana a bakin titi yana tambayar hanyar gidan da suka tashi daga ciki tun suna yara. Ita ce ta dage cewa aiki zai riƙe masa hankali fiye da zaman ɗaki, kuma a makonnin farko ya yi kamar haka ne. Yayan ya iso da baƙin mai a hannu, bai gaishe da kowa ba.

"Ya ci abinci?"

"A'a."

"Allura fa?"

"Na yi masa."

Ya kalle ta, ya kalli agogon hannunsa, ya shige zauren farko yana fizge tamfol ɗaya bayan ɗaya. Ƙura ta tashi har ba a ganin ƙarshen zauren. Kowane tamfol sai mutum biyu sun kama, kuma ƙarƙashin kowane inji akwai rami na masu gyara, sai an durƙusa an haska. Ma'aikata suka bi shi. Har la'asar ba su gama zaure ɗaya ba. Maigadi da wasu biyu suka tafi ramukan rini da dogayen sanduna. Ba wanda ya faɗi abin da suke nema a can.

"Baba!" Yayan ke kira. "Ni ne, babban ɗanka. Wasan ya ƙare."

A sifikar Kunne numfashin ya sake tsayawa.

"Ka daina kiransa haka, Yaya," in ji Ƙamus. "Duk kiran da ka yi ƙara lafewa yake yi."

"To da me zan kira ubana?"

Ta juya wajen na'urar Kunne.

"Na ce da me zan kira shi? Ke da kika san kalmomi. Kin zauna kin mayar da shi lamba, kin koya masa ya ji tsoron muryarki, an tafa miki. To ga shi nan ya iya."

"Malam, a bar wannan yanzu," in ji Darakta.

"Kai kuma idan na juyo kanka sai an kira wani daraktan."

Kunne ya ƙwanƙwasa tebur. Akwai ƙaramar fitila a jikin na'urarsa, da koriya ce, yanzu ta koma ruwan ɗorawa. Ya ce batirin da ke jikin dattijon ne, tun safe yake aiki. Idan ta yi ja, ba za a daɗe ba za su daina jinsa. Ya ce kuma su saurara. Numfashin ya sauya, ya zama gajere, akwai wata ƙara a ciki kamar haƙora na haɗuwa. Ƙamus ta san wannan ƙarar. Ta taɓa jinta sau ɗaya a gida, ranar da suka same shi jiƙe da gumi a kan darduma.

Sai muryar ta sake fitowa, a sanyaye.

"Caji ya sauka."

Mai kyamara, wanda ya fi kowa yin wasa da wannan maganar, ya juya ya fuskanci bango.

Darakta ne ya fara kawo shawarar. Ya ce idan tsohon yana cikin birnin, to a yi masa magana da yaren birnin. A yi ƙidayar safe. A kira lambarsa, zai buga ƙarfe, a bi ƙarar. Ya ɗaga lasifikar ya gwada da kansa, ya kira Sittin da Huɗu. Ba abin da ya fito daga sifika sai numfashi. Muryar Hukuma a fim ɗin ta mace ce, kuma dattijon ya riga ya yanke hukunci a kan muryar Darakta. Wadda ke yin muryar ta gama nata tun makon jiya ta yi tafiya. Kunne ya ce muryarta na kan na'urar ofis, a ɗaya gefen gari, kafin a je a dawo fitilar ta yi ja. Aka gwada mai kwalliya. Ta karɓi lasifikar, ta ce, "Don Allah Sittin da Huɗu, ka yi haƙuri ka amsa." A birnin ba a cewa don Allah.

Kowa ya juyo ya kalli Ƙamus. Ita ta rubuta kowace kalma ta Hukuma, ita ta koya wa 'yar wasan yadda ake faɗinsu.

Kunne ya rage murya. "Kin san dai muryar da yake gudu ke nan. Idan ya ji ta tana ba da umarni, ya gama haɗa lissafinsa. Ba zai ce 'yarsa ce aka sace wa murya ba. Zai ce ke ce Hukumar."

"Na sani."

"Ba lallai ya warware ba daga baya."

"Na ce na sani."

Yayanta yana tsaye da tamfol a hannu. Ta jira ya ce wani abu. Ya kalli fitilar na'urar, ya ce, "Yi."

Ta ce kowa ya tsaya inda yake, a kashe janareta, kada wanda ya motsa ƙafa. Aka kashe. Masaƙar ta yi tsit, sai kukan tantabaru a rufi. Ta hau kan akwatin, ta kai lasifikar bakinta, ta cire duk wani hawa da sauka daga muryarta kamar yadda ta koya wa waccan.

"Ƙidaya. Duk lamba ta tsaya. Sittin da Huɗu."

Ta ƙara matso da lasifikar.

"Sittin da Huɗu. Rashin amsa laifi ne. Sittin da Huɗu."

Sifikar ta yi ƙara, yadi ya goga, sai muryar ta fito a sarari, da ladabin da ba ta taɓa jin ya yi wa kowa ba.

"Aiki."

Sai bugun. A sifika ya fito da ƙarfi, a cikin masaƙar kuwa da ƙyar ake jinsa, can nesa, zoben hannunsa na dukan ƙarfe. Kunne ya kashe sifikar don kada ta rikita su. Yayan ya karkata kai, ya nuna hagu. Suka tafi a hankali da takalma a hannu. Bugun ya tsaya suna ƙofar zaure na biyu.

"Ba a ce ya isa ba," in ji Ƙamus ta lasifika. "Ci gaba."

Ya ci gaba. Sau da yawa yana tsayawa, sau da yawa tana ba shi umarni, kowane karo bugun na ƙara rauni. Suka wuce zaure na biyu, suka shiga na uku. A layin ƙarshe, jikin bango, ƙarar na fitowa daga ƙarƙashin wani tamfol da ba a taɓa ba. Yayan da mai kyamara suka ɗaga shi.

Yana kwance a ramin masu gyara, a takure, rigarsa sharkaf da gumi, hannunsa ɗaya na ci gaba da dukan ƙafar injin. Ramin ba ya ɗaukar mai faɗin kafaɗa. Ƙamus ta ajiye lasifikar, ta karɓi gorar ruwan sukari da mai kwalliya ta haɗa, ta shiga da rarrafe.

"Baba, ni ce. Sha wannan."

Ya datse baki, ya juyar da kai wajen ƙarfe. Ta sake gwadawa, ta kama haɓarsa. Haƙoransa a haɗe suke.

"Yi masa yadda yake ji," in ji yayan daga sama.

Ta gyara durƙuso. "Sittin da Huɗu. Karɓi caji."

Ya buɗe baki. Ya sha a hankali, rabi na zuba a wuyansa. Da ta janye gorar ya dube ta sosai, ido cikin ido, ya ce, "An shigar."

A motar yayan aka kai shi asibiti. Likitan da ta duba shi ta ce sugansa ya faɗi ƙwarai, da an ƙara jinkiri da labarin ya sha bamban. Kafin wayewar gari ya daidaita. Game da ruɗewar kuwa ta ce ba ta da alkawarin da za ta yi. Wasu tana sakinsu cikin kwanaki, wasu kuma, musamman waɗanda mantuwa ta riga ta fara taɓawa, takan zauna.

An dakatar da ɗaukar fim ɗin. Darakta ya zo asibiti ranar Laraba da ledar lemo, yayan ya tare shi a ƙofa, ya karɓi ledar, ya nuna masa hanya. Ƙamus ta aika wa Darakta saƙo cewa a cire muryarta daga fim ɗin gaba ɗaya. Ya amsa cewa za su zauna su yi magana.

Dattijon ya gane ɗansa. Ya tambaye shi gareji, ya yi masa faɗa kan baƙin man da ke farcensa. Ya tsokani ma'aikaciyar jinya cewa allurarta ta fi ta kowa zafi, ya ce da Kunne, wanda ya zo dubiya, ya cire abin sauraren nan daga kunnensa ya ji mutane. Da 'yarsa ta shigo da kular abinci ta yi sallama, sai ya yi shiru. Ya tashi zaune da ƙyar, ya ɗora tafukansa a kan gwiwa, ya miƙe wuya.

"Aiki," in ji shi.

"Baba, Uwarka ce fa," in ji yayan. "Dubi sosai."

Dattijon bai ɗauke ido daga bango ba. Hannunsa na dama ya lalubo ƙarfen gadon.

Likita ta ba da shawarar ta ɗan riƙa tsayawa daga waje tukuna. Tun ranar take kawo abincin ta miƙa wa yayanta a baranda, ta zauna a benci inda take jin muryarsa shi ba ya jin tata. Har zuwa safiyar Asabar bai tambayi inda 'yarsa take ba.